A daina zubar da ƙullutun da aka cire daga mama ba tare da an duba shi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato ƙullutun da ke fitowa a maman mace wanda ba kansa ba ne, da yadda muke yi da shi a nan Maradi da garuruwan da ke kewaye da ita. Ni ungozomar asibiti ce, na yi shekaru masu yawa a bakin aiki kafin in yi ritaya, kuma har yau mata suna sallama a gidana bayan magariba, su ja ni gefe, su ce in taɓa musu wani abu da suka ji a ƙirjinsu.

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, gidajen rediyo da ƙungiyoyi suna tashi tsaye wajen faɗakarwa a kan kansar mama, kuma sun yi daidai, domin ita ce kansar da ta fi kama mata a Nijar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano ta a jikin mata miliyan 2.3 a faɗin duniya, ta kuma yi ajalin kimanin 670,000. Sai dai kafin saƙon ya iso tsakar gida yakan gajarce, ya koma kalmomi uku kawai: ƙullutu, yanka, mutuwa. Wannan ne ya sa wasu matan suke ɓoye abin da suka ji har ya fi ƙarfin magani, wasu kuma da zarar likita ya ce musu ba kansa ba ne sai su karkaɗe zane su tafi, ba su tambayi sunan abin ba, ba su karɓi takarda ba, ba su sake waiwayar asibiti ba. Gaskiya ne mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a mama ba kansa ba ne, amma a ƙarƙashin wannan magana akwai cututtuka iri iri, wasu ba su da wata illa ko kaɗan, wasu kuma suna buƙatar a sa musu ido shekara da shekaru, kuma abin da ke raba su shi ne wace ƙwayar halitta ce ta yi yawa, da kuma yadda ta yi yawan.

Domin a gane abin da nake nufi, dole in ɗan yi bayanin yadda Allah Ya tsara mama. A cikinsa akwai sassa 15 zuwa 20, kowane sashe da bututunsa da ke buɗewa a kan mama, kuma idan aka bi bututun zuwa ciki sai a ga yana rarrabuwa kamar rassan bishiya, har ya ƙare a wasu ƴan jakunkuna da ido ba ya gani, inda ruwan nono ke haɗuwa. Mafi yawan cututtukan mama, masu sauƙi da masu tsanani, daga ƙarshen waɗannan rassa suke tasowa. Bangon kowane bututu da kowace jaka yana da ƙwayoyin halitta hawa biyu. Na ciki su ne suke shimfiɗe kamar yaɓen ɗaki, su ne kuma suke yin nono idan mace ta haihu. Na waje kuwa dogaye ne, sun rungume jakar kamar yatsun mai tatsa, kuma suna da ƙarfin tsukewa irin na tsoka. Duk macen da ta taɓa jego ta san aikinsu ko da ba ta san sunansu ba, domin lokacin da ta ji kukan jaririnta daga ɗaki tana bakin murhu, nono ya tsattsafo ya jiƙa mata riga, sinadarin oksitosin ne ya sauko daga ƙwaƙwalwa ya umarce su da su matsa. Bayan waɗannan hawa biyu akwai wani siririn tantani, bayansa kuma sai naman riƙo, wato zaruruwa da kitse da jijiyoyin jini waɗanda suke ɗauke da rassan gaba ɗaya kamar yadda ƙasa ke riƙe da saiwa.

Wannan gini ba ya zama wuri ɗaya. Kowane wata sinadaran estrojin da furojestaron suna sa ƙwayoyin ciki su rarrabu su ƙaru, musamman a rabin wata na biyu bayan ƙwai ya fita, shi ya sa mama ke yin nauyi da tsami kafin zuwan al'ada, idan jini ya zo kuma sai wasu ƙwayoyin su mutu, abin ya lafa. Da ciki jakunkunan suna ninkuwa, bayan yaye kuma su rushe su koma. Naman da ake ginawa ana rushewa haka tun daga balaga har mace ta daina al'ada, ba abin mamaki ba ne wani wuri ya zarce ƙima, wani wuri ya toshe.

Wanda na fi gani a hannun ƴan mata shi ne wanda likitoci ke kira fibro'adenoma. Ba na manta wata uwa da ta zo mini da ɗiyarta mai shekara 17 bayan sallar isha'i, saura wata biyu a ɗaura wa yarinyar aure. Uwar ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, ki rufa mana asiri, kada dangin miji su ji." Na kwantar da yarinyar a kan tabarma, na sa ta ɗaga hannu bisa kanta, na bi maman da tafin yatsuna, sai na ji wani abu kamar ƙaramin goro, mai santsi, mai iyaka a fili, ina danna shi yana zillewa ta gefe, ba ya kuma yi mata zafi. Saboda wannan zillewa ne likitocin Ingila suke masa laƙabi da ɓeran mama. Na ce mata, "Ƴata, alamunsa masu kyau ne, amma hannuna ba ya yanke hukunci, gobe za mu je a yi hoton eko." Hoton, wanda ake leƙa cikin jiki da sauti a ɗauka, da allurar da aka ɗebi ɗan nama da ita suka tabbatar da abin da na zata, aka ɗaura aure, yanzu tana da ƴaƴa, dukansu kuma ta shayar da su. A irin wannan ƙullutu naman riƙo ne yake fara yawa, ya ja bututun da ke tsakiyarsa ya matse su, kuma a shekarar 2014 masu bincike a Singafo sun gano cewa a kusan 6 cikin 10 na irinsa akwai canji a wani ƙwayar gado mai suna MED12, canjin kuma a cikin ƙwayoyin naman riƙo yake, ƙwayoyin bututu lafiyarsu lau. Ya fi fitowa tsakanin shekara 15 da 35, yawanci ba ya wuce santimita 1 zuwa 3, yakan ƙaru da ciki ya kuma ragu bayan mace ta daina al'ada, kuma da yawa daga cikinsu ba sa buƙatar wuƙa, sai dai a riƙa aunawa.

Matan da suka kai shekara 35 zuwa 50 kuwa sun fi samun jakar ruwa, wadda ke faruwa idan ƴan jakunkunan nan suka kumbura suka cika da ruwa, mace ta wayi gari ta ji ƙullutu mai tsami wanda jiya babu shi. Waɗanda suka yi karatun likita da Faransanci sun san wannan da sunan cutar Reklus, saboda likitan fiɗa na Faransa Paul Reclus da ya yi bayaninta a 1883. Idan hoton eko ya nuna ruwa ne zalla, allura ɗaya ta isa ta zuƙe shi, ƙullutun ya ɓace a take.

Na mai shayarwa shi ne ya fi damuna a yankinmu, inda mace kan shafe mafi yawan ƙuruciyarta tsakanin ciki da goyo. Nono yakan kwanta a bututu, ƙwayar cuta ta shiga ta tsagewar kan mama, wuri ya yi ja ya yi zafi, zazzaɓi ya rufe ta, idan aka yi jinkiri kuma ya tara mugunya. Maganinsa sananne ne, kuma ba a hana jariri shan wannan maman, domin tsotsonsa yana cikin magani. Amma na ga matan da aka yi wa sakiya a gida suka dawo da rami mai zubar da nono da mugunya wata da watanni, na kuma ga abin da ya fi wannan ciwo, wato macen da aka yi ta ce wa nono ne ya kwanta har ta yaye ɗanta, alhali abin da ke ciki daban ne. Kumburin da aka sha masa magani mako ɗaya ko biyu bai sauka ba, ko fatar da ta yi kauri ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan mama da ya shige ciki, ko kaluluwa mai tauri a hammata, ba a jiran yaye kafin a kai su gaban likita.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai nau'in da ƙwayoyin ciki da kansu suke yawa, maimakon sahu ɗaya su zama uku, huɗu, har su cika bututun, kuma hannu ba ya iya bambance shi, hoto ma sau da yawa ba ya iyawa, sai likitan da ke duba nama a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wanda ma'aikatan asibitinmu suke kira likitan anapat. Abin da yake nema zai ba mai karatu mamaki, kamar yadda ya ba ni ranar da aka fara nuna mini. Idan ya ga ƙwayoyin sun cakuɗe, wannan babba wannan ƙarama, wannan doguwa wannan zagayayya, suna hawan juna kamar taron ranar kasuwa, hankalinsa yakan kwanta, domin hakan na nuna ƙwayoyi ne daga tushe dabam dabam suka amsa kiran sinadaran jiki. Idan kuwa ya ga dukansu kama ɗaya, girma ɗaya, tazara ɗaya, sun jeru kamar sojoji a fareti, to nan ne yake gyara zama, domin alama ce ta cewa ƙwaya ɗaya ce take ta haifar irinta. Wannan na biyun shi ake kira yawan ƙwayoyi mai baƙuwar kama, kuma idan bai wuce milimita 2 ba, ko bai cika bututu biyu ba, ba a kiransa kansa, amma ya tsaya a bakin ƙofa.

Abu na biyu da yake dubawa shi ne ƙwayoyin waje, masu matsar nono ɗin nan. Su ne dangar gida. Muddin suna nan kewaye da bututu, duk abin da ke faruwa a ciki bai fita ba, kuma rashinsu na daga cikin manyan alamun da ake gane kansar da ta kutsa cikin nama. Akwai cututtuka marasa illa da suke murɗe bututu su tamke shi da zaruruwa har su yi kama da kansa a hoto, har ma a ƙarƙashin madubi, sai an zuba wani rini na musamman da ke kama ƙwayoyin waje kaɗai, irin wanda ake kira p63, sannan a ga danga tana nan daram. Mata da yawa wannan rini ne ya hana a yanke musu mama a banza. Haka nan ɗan tsiron da ke fitowa cikin babban bututu kusa da kan mama, wanda ke sa jini ko ruwa ya riƙa ɗiga daga rami ɗaya, yawanci yana ɗauke da hawa biyun nan cif, amma ba a sanin haka sai an ciro shi an duba.

Wannan rabe-rabe ba ƙaƙale ba ne na masu ilimi. A shekarar 1985 wasu masana biyu na jami'ar Vanderbilt a Amurka, William Dupont da David Page, suka sake duba samfurin nama fiye da 10,000 da aka cire wa mata, suka bi rayuwar 3,303 daga cikin matan kimanin shekara 17, suka raba cututtukan gida uku. Kusan kashi 70 cikin 100 ba su da yawan ƙwayoyi, kuma haɗarin kansa a gare su bai ƙaru ba. Masu yawan ƙwayoyi irin na taron kasuwa haɗarinsu ya kusa ninki biyu, masu baƙuwar kama kuwa ya kai kimanin ninki biyar. Bayan shekara 20, a 2005, asibitin Mayo na Amurka ya fitar da sakamakon bin mata 9,087, aka sami kusan abu ɗaya: kusan kashi 67 ba yawan ƙwayoyi, kusan kashi 30 da yawan ƙwayoyi na yau da kullum, kusan kashi 4 kacal da baƙuwar kama, waɗanda haɗarinsu ya ɗan haura ninki huɗu. Ina so mata su fahimci wannan lissafi da kyau, kada ya zama sabon abin tsoro. Ko a cikin masu baƙuwar kama, bayan shekara 25 kimanin 30 cikin 100 ne suka kamu da kansa, sauran 70 ba su kamu ba. Amma macen da ke cikin wannan rukuni tana da haƙƙin ta san tana ciki, domin a riƙa duba ta duk shekara, a duba mama biyun gaba ɗaya tunda haɗarin bai tsaya a gefen da aka yi wa aiki ba, kuma ba yadda za ta sani idan an jefa namanta a bokitin shara.

Ga abin da na gani da idona. Wata mata mai kimanin shekara 45 daga wani ƙauye a kan hanyar Dakoro ta je wani wurin jinya aka cire mata ƙullutu, aka ce mata ba komai, naman kuma ba a aika da shi ko'ina ba. Kafin shekara ta zagayo ya dawo a wuri ɗaya, ya fi na farko girma. Da aka cire na biyu sai aka zuba shi a kwalba aka miƙa wa mijinta aka ce ya kai Yamai, ba tare da an zaunar da shi an gaya masa dalili ba. Mutumin nan manomi ne, ya lissafa kuɗin mota na tafiyar da ta haura kilomita 600, da kuɗin gwaji, da na masauki, ya kuma duba cewa abin da ke cikin kwalbar naman ɗan Adam ne mai alfarma, sai ya haƙa rami a bayan gida ya binne shi. Ban ga laifinsa ba, kuma har gobe ba zan gani ba. Lokacin da suka iso wurina a karo na uku, ƙullutun ya kai girman ƙoƙo, fatar samansa ta miƙe tana ƙyalli, jijiyoyi sun fito ɓaro ɓaro. Wannan karon aka duba, aka ce filodes ne, wani ƙari da ke tasowa daga naman riƙo kamar fibro'adenoma, har ya yi kama da shi a hannu da hoto, sai dai ƙwayoyinsa sun fi yawa sun fi saurin rarrabuwa, yana kuma yin shafi shafi kamar ganye, wanda daga nan ya samo sunansa tun da Bajamushe Johannes Müller ya siffanta shi a 1838. Bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin mama ba, mafi yawansa kuma ba mugu ba ne, amma idan aka ɓare shi kawai ba a haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi ba, yakan dawo. Matar ta rayu, alhamdu lillahi, amma ta rasa maman gaba ɗaya bayan fiɗa uku, alhali da an duba na farko da wataƙila gyara ɗaya ya wadatar.

Saboda haka ina kira ga ƴan'uwana ma'aikatan lafiya, na gwamnati da na masu zaman kansu, da kada wanda ya sa wuƙa a maman mace sai ya riga ya tsara inda naman zai je. Ƙa'idar da aka koya mana ƙafa uku gare ta, wato dubawa da hannu, da hoto, eko ga masu ƙuruciya da mamografi, wato hoton rediyo na mama, ga waɗanda suka haura 40, sannan ɗibar nama da allura, kuma sai ukun sun yi daidai da juna ake cewa mace ta kwantar da hankalinta. Naman da aka cire a sa shi nan da nan cikin ruwan farmol, wato maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman sau goma, a rubuta suna da shekaru da gefen da aka cire, domin naman da ya kwana a ruwan gishiri cikin zafin Maradi ya riga ya lalace, ko gwanin gwanaye ba zai karanta shi ba. Kuma aika shi ya kamata ya zama nauyin asibiti, a tara kwalabe a tura su tare a ranar da aka sani, maimakon a ɗora wa talaka kaya a hannu a ce ya nemi hanya.

Ga hukumomi kuma, mun yi murna da cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara gasa cutar kansa da haske a 2021, amma kafin a kai ga gashi sai an san sunan cuta. Maradi tana da babban asibiti, tana da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai sashen koyar da aikin likita, kuma marasa lafiya suna zuwa mata daga Tasawa, Mayahi, Agiye, Madarunfa, Gidan Rumji da Dakoro. Ya dace a ƙarfafa aikin duba nama a nan, a tanadi kayan rini, a tura ƴaƴanmu su ƙware a wannan fanni da matasan likitoci ba su cika sha'awa ba saboda mai yinsa ba ya fitowa fili. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya ce daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti zuwa ranar da za a gama hoto da gwajin nama a ba ta amsa kada ya wuce kwana 60, kuma wannan ma'auni ne da za mu iya auna kanmu da shi. Alƙaluman haɗarin kansa da na kawo a sama a kan matan Amurka aka tattara su, namu kuwa ba za su samu ba sai kowane nama ya bi ta ƙarƙashin madubi an rubuta sakamakonsa.

Ga ƴan'uwana mata da mazajensu, idan likita ya ce ba kansa ba ne, ku yi hamdala, sannan ku tambaye shi cikin ladabi menene sunan abin, ko akwai yawan ƙwayoyi a cikinsa, ko akwai baƙuwar kama, da kuma yaushe za a dawo. Ku karɓi takardar sakamakon ko da ba ku iya karanta Faransanci ba, ku ajiye ta a jaka ɗaya da katin rigakafin yara, domin likitan da zai duba matar bayan shekara goma da ita zai fara.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Daga wata tsohuwar ungozoma,
Unguwar Zariya, Maradi